Allurar Tsinka Jini

Yayata Barira ta faɗi a tsakar gidana a Tasawa ranar wata Talata bayan kiran azahar, da buta a hannunta, kuma kafin mu kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Shekara uku tana fama da ciwon hanji, don haka duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake ciwon cikin nan ne ya yi ajalinta. Ba shi ba ne. Gudan jini ne ya taso daga ƙafarta ta hagu ya je ya toshe mata huhu, alhali maganinsa yana cikin kwali a kan kantar ɗakina, kuma ni ce na ce a daina yi mata shi. Na san rai na Allah ne, ban kuma manta ba. Amma shekara guda ke nan ina ɗauke da wannan magana, ba wanda ya sani a danginmu, kuma na san yanzu haka akwai gidajen da ke jinyar irin wannan ciwo. Saboda su na zauna na rubuta.

Sunana Salamatu, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Mu uku ne mata a wurin Inna: Barira ce babba, sai Hajara wadda ta rasu wurin haihuwar fari, sai ni auta. Barira tana aure a wani ƙauye kusa da Korgom, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ta tsaya tsayin daka aka bar ni na yi karatu, da ribar ƙulinta ta riƙa saya mini littafi da alƙalami. Tun ranar da na fara aiki ta daina kiran sunana, sai dai Madam, kuma da tsiya take faɗa. Duk takardar da ta shigo danginmu, ta asibiti ce ko ta gona ko saƙon waya, sai a ajiye ta a ce a jira Madam. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Ciwon ya fara kamar atuni. Zawo da majina, wani lokaci da jini, da murɗar ciki mai sa ta saki taɓarya ta dafa turmi ta duƙa. Ya yi sati biyu ya lafa, a yi wata uku ba a ji shi ba, sai ya dawo. Wannan ta ce basir ne, waccan ta ce tsutsar ciki ce, wata ta ce ai zafin wutar suyar gyaɗa ne ya shige ta. Ta sha jiƙon bagaruwa, ta sha saiwar sabara, ta sha ƙwayoyin masu tallar magani na ranar kasuwa, ja da rawaya, waɗanda ba wanda ya san sunansu. Tana sha tana dariya, tana cewa itacen dajin Korgom duk ta ɗanɗana su, saura turken akuya. Mu ma muka saba da ciwon, muka ɗauke shi wani hali nata.

A bazarar bara ya zo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Sau goma, sau goma sha biyar a yini, kuma mafi yawa jini ne. Sai ta yi dabarar da na tabbata mutane da yawa suna yi: ta rage shan ruwa, a cikin wannan zafin, wai don ta rage fita. Da mijinta Malam Illiya ya yi mata magana, cewa ta yi, "In ban sha ba, mi za ya hita?" Ranar da ta kasa tashi, ya ɗora ta a bayan moto, wato babur, ya ɗaure ta a jikinsa da zane kamar goyo, ya keto yashi da ita har ƙofar gidana. Da na gan ta ban gane ta nan take ba. Idanun sun faɗa, leɓen ya tsage, amma tana ganina ta ce, "Madam, ga aiki na kawo maki."

A Tasawa aka yi mata ƙarin ruwa kwana biyu, sannan majo, babban ma'aikacin jinyar asibitin, ya kira ni gefe ya ce abin ya fi ƙarfin nan, mu wuce Maraɗi. Muka wuce.

Satin farko a Maraɗi, jira ya ci rabinsa. Mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Benci ya cika, na shimfiɗa mata zanena a ƙasa kusa da bayan gida, don can ne ya fi mata amfani. Aka ɗebi jini, aka ce a kawo bayan gida a ɗan kwalba, aka rubuta wannan aka rubuta wancan, ni ce tsallaka titi zuwa farmasi, ni ce dawowa a ce ba wannan ba ne. Malam Illiya ya sayar da tunkiyarta da buhunan gyaɗar da ta ajiye don jari. Sai da muka yi kwana huɗu kafin aka samu aka zura mata na'urar da ke leƙa cikin hanji.

Likitan mutumin yamma ne, Bazabarme, mai sanyin hali. Hausarsa ta aiki ce kawai: ina ke ciwo, buɗe baki, kwanta. Da ya ga ina jin Faransanci sai ya saki jiki ya yi mini bayani. Ya ce ba atuni ba ne, ba tsutsa ba ce, ba kuma wani ya ba ta wani abu ta ci ba. Babban hanjinta ne ke kumbura yana gyambo daga ciki, jikinta ne da kansa ke yaƙar wurin. Ya ce ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana kwantar da shi mutum ya yi shekaru yana harkarsa. Ya faɗi sunan ciwon, rectocolite. Da na maimaita wa Barira sai ta ce, "Wanga suna ai na mota ne. Ashe babban abu nike ɗauke da shi, kuna ce mani basir."

Na ji daɗi ranar nan. Shekara uku muna lalube, yau ga wanda ya leƙa ya gani da idonsa. Aka ba ta gado, aka fara magani, cikin kwana uku fitar ta ragu. Ni kuma jarrabawar ɗalibaina ta matso, direktan lakwal yana ta kira. Inna ta zo ta karɓe ni a jinya, na koma Tasawa.

A sati na biyu, ba na nan, ƙafar ta kumbura. Inna ta ari wayar wata mai jinya ta kira ni.

"Ƙahwar yayarki ta hau, ta hagu. Da zahi kamar an ɗora ta a murhu."

"Me likita ya ce?"

"Sun shafa mata wani abu sun duba a telbijin. An ce jini ne ya kwanta a ciki. Ana yi mata allura a hwatar ciki."

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Daga baya na ji cewa likitan ya tsaya ya yi dogon bayani, amma da Faransanci, wata ma'aikaciyar jinya tana juyawa a gurguje, ga Inna da ba ta saba tambayar mai farar riga ba, ga Barira da zazzaɓi. Ni kuwa da na ji an ce ƙafa, sai na ce a raina ai da sauƙi. Mutumin da hanjinsa ke zubar da jini, me kumburin ƙafa zai yi masa? Ban sake tambaya ba.

Ranar Asabar aka sallame ta, na je ɗaukar su. Likitan ba ya nan. Ma'aikaciyar jinyar ita kaɗai ce a kan ɗaki cike da marasa lafiya, ana kiranta ta ko'ina. Ta miƙo mini takardar magani tana nuna mini da bakin biro.

"Waɗannan ƙwayoyin na hanji ne. Wagga allura kuma sahe da marece, a hwatar ciki. Ta tsinka jini ce. Kada ku tsallake ko guda. Ku komo bayan sati biyu."

Inna tana tsaye a bayana. Na ji ta ja numfashi, amma ban waiwaya ba, hankalina yana kan motar da za mu samu.

Duk Bahaushe ya san kalmar nan fuska biyu gare ta. Kunu idan ya yi kauri, a zuba ruwa a tsinka shi, kuma abin da ma'aikaciyar take nufi ke nan. Amma idan aka ce mace jini ya tsinke mata, kowa ya san sai dai addu'a. Da wannan kalmar aka zo wa Inna da labarin Hajara, tana tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa. Ni ina ƴar shekara goma sha huɗu a lokacin, na manta da wace kalma aka faɗa. Inna ba ta manta ba.

Muka sayi allurar kwali biyu, da tsadarta, muka dawo gidana, tunda ya fi kusa da asibiti a kan ƙauye. Maƙwabciyata Hajiya Rakiya, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya, ta ce ita za ta riƙa zuwa tana yi mata, ba ta son ko sisi. Kwana uku tana zuwa safe da yamma, ba ta taɓa makara ba.

Rana ta huɗu da safe ina shirin fita, Inna ta kira ni bayan madafa. Ita ke wanke fo ɗin da Barira ke bayan gida a ciki, ba ta yarda kowa ya taɓa. Ta nuna mini.

"Duba."

"Inna, ai dama da jinin take."

"Ya ƙaru. Ni ke wankewa, ni na sani. Jiya ta yi asawaki, bakinta ya yi ja. Cikinta duk inda anka soka ya yi baƙi. Salame, ɗiya guda jini ya tsinke mata ina tsaye ban iya komi ba, wannan ikon Allah ne. Wagga kuma mu da hannunmu za mu sayo tsinkewar, mu kira mutum shi zo shi soka mata sahe da marece?"

"Likita ne ya rubuta, Inna."

"Likitan da ko sannu sai an hwaɗa mashi? Ba takarda ke cikin kwalin ba? Ɗauko ki karanta mani. In ba don irin wagga rana ba, mi anka kai ki lakwal ki yi?"

Na ɗauko. Takarda ce siririya mai ninki da yawa, rubutun ƙanana kamar ƙwan kifi. Na zauna a kan turmi na karanta ta daga sama har ƙasa. Kalmar hémorragie, wato zubar jini mai yawa, ta fito a wurare da dama. A wani wuri an rubuta kada a yi wa mai zubar da jini, a wani wurin an ambaci gyambon ciki da na hanji. Kowace kalma na gane ta. Abin da ban gane ba shi ne, takardar nan don kowa da kowa aka rubuta ta, shi kuwa likitan ya ga cikin hanjin Barira da idonsa, ya ga ƙafar, ya auna haɗarin biyu kafin ya ɗauki biro. A ƙarƙashin kusan kowane gargaɗi an ce a tambayi likita. Wannan ma na karanta shi. Daga gidana zuwa asibiti tafiyar minti goma ce a kabu-kabu, kuma Hajiya Rakiya katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni. Amsar ba ta da kyau. Inna tana kallona, Barira tana leƙowa ta ƙofar ɗaki, kuma shekara ashirin ban taɓa riƙe takarda a gabansu na ce ban sani ba.

Na ninke ta na ce, "Inna tana da gaskiya. A dakata da ita har mu koma Maraɗi."

Barira ta ce daga ɗaki, "Madam ta yanke hukunci. Cikina ya huta, dama ya koma rariya."

Da yamma Hajiya Rakiya ta zo da audugarta. Na tare ta a zaure na ce an ce mu riƙa kai ta asibiti ana yi mata a can. Ƙarya na yi mata, don na san idan na faɗi gaskiya za ta yi gardama, ni kuma na riga na yi magana a gaban Inna. Ta dube ni ta ce, "To. Amma kada a yi wasa da ita hwa." Na ce in sha Allahu.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, Barira ta samu sauƙi. Jinin ya ragu, fitar ta koma sau uku, sau biyu. Ƙwayoyin hanjin ne suka fara aiki sosai, amma mu muka ce ai daina allurar ne. Inna ta riƙa dubana da wani irin ido na alfahari, ni kuma ina tafiya lakwal da ƙarfin gwiwa. Ƙafar dai ba ta saɓe ba. Sai Inna ta shiga gasa ta da ruwan zafi tana tausa da man kaɗanya, daga idon sawu zuwa gwiwa, wai jinin da ya kwanta ya tashi ya bi jiki. Ni ke riƙe mata ƙafar a kan cinyata. Barira tana cije leɓe tana cewa, "A hankali, Inna, ba ƙuli kike matsa ba."

Kwana bakwai muka yi a haka, kuma kwanaki ne masu daɗi. Ta ci tuwo mai laushi da miyar kuka, ta ce gishirina bai ji ba. Ranar kasuwa Malam Illiya ya kawo mata ƴaƴanta huɗu, ta duba kan ƙaramar ta yi faɗa a kan an bar shi ba kitso. Ranar Lahadi ta zaunar da ni a gabanta, ƙafar a miƙe a kan matashi, ta yi mini kitso, tana ja da ƙarfi kamar yadda take yi tun ina yarinya, tana ba ni labarin yadda za ta sake tayar da sana'arta bayan damina. Ban kwance kitson nan ba sai da ya yi wata biyu.

Ranar Litinin ta fara wani busasshen tari. Ta ce idan ta ja numfashi wani abu yana sukarta a haƙarƙari, kuma daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta huta, zuciyarta tana bugawa da sauri. Muka ce zafi ne, muka ce ƙarancin jini ne, Inna ta dafa mata zoɓo. Saura kwana biyar mu koma Maraɗi, na ce idan mun je sai mu faɗa.

Talata na dawo daga aji da tsakar rana na same ta zaune a inuwa. Aka kira azahar, ta ɗauki buta ta miƙe. Taku uku ta yi. Ta tsaya, ta dafa ƙirji, ta ce, "Salame, iska ta yi mani kaɗan." Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. Ta zauna a ƙasa, butar ta kife, leɓenta ya yi duhu. Ta ce, "Riƙe ni." Na riƙe ta. Inna ta fita ba mayafi tana kiran maƙwabta, aka samu mai mota. Kanta yana kan cinyata, ina karanta mata kalmar shahada tana motsa baki, har muka hau kwalta. Kafin mu kai ƙofar asibiti bakin ya daina motsi. Majo ya fito ya duba ta a cikin motar, ya ja mayafinta ya rufe mata fuska.

A ƙauyensu aka rufe ta. Har aka yi sadakar bakwai ban san abin da na yi ba. Na yi kuka irin na wadda ta rasa uwa ta biyu, amma da zuciya wankakkiya. Da na dawo gida na ga kwalayen allurar a kan kantar ɗakina, sai na ce abu mai tsada haka bai kamata ya lalace ba, gara in kai Maraɗi a ba wani mabuƙaci, ladan ya je mata. Da wannan niyyar na shiga mota.

Na samu likitan. Na gaya masa rasuwar, ya yi mini gaisuwa, na ɗora kwalayen a kan teburinsa. Ya buɗe na farko, ya buɗe na biyu wanda ko yage shi ba a yi ba.  Sannan ya tambaye ni yaushe muka daina, na faɗa. Ya ce in gaya masa yadda ta rasu, kada in bar komai. Na faɗi tarin, na faɗi sukar haƙarƙari, na faɗi tausar, na faɗi taku ukun nan. Ya cire tabarau ya ajiye.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce wannan ciwon hanji, idan ya tashi, ba a hanji kaɗai yake tsayawa ba. Kumburin yana sa jinin jiki duka ya riƙa saurin daskarewa. Ga ruwan jiki ya ƙare da zawo, ga mutum yana kwance ba motsi, sai jini ya dunƙule a jijiyar ƙafa. Idan gudan ya ɓalle, hanyarsa ɗaya ce, huhu. Ya kira abin embolie, kalmar da har yau nake jinta a kunnena. Ya ce, "Jinin da ke fita kuna ganinsa, shi ya sa yake ba ku tsoro. Wanda ya daskare ba ku ganinsa. Mutum ɗaya yana iya zubar da jini ta nan, jini kuma yana daskare masa ta can. Da kin zo kin ce jinin ya ƙaru, da mun auna, mu rage ko mu canza. Akwai abin yi da yawa tsakanin ci gaba da dainawa."

Ya tambaye ni dalili. Na gaya masa takardar, na gaya masa Hajara, na gaya masa kalmar. Bai gane ba, sai ya aika aka kira ma'aikaciyar jinyar nan, ya ce ta fassara masa tsinka jini. Ta fara bayanin kunu, sai ta tsaya a tsakiya, ta dube ni, ta sa hannu ta rufe baki. Bahausa ce kamar ni, ta san fuska ta biyun. Ta ce, "Wallahi kullum haka muke hwaɗi. Ban taɓa kawo ɗayar a raina ba." Likitan ya ce daga yau a riƙa cewa allurar hana jini daskarewa, ko da ta fi tsawo.

Na yi masa tambayar da ta rage. Na ce da an ci gaba da yi, da tana nan?

Ya ce, "Ba zan iya rantse miki ba. Akwai wanda ake yi wa, ya tafi duk da haka. Amma don gudun wannan ranar na rubuta ta."

Ina gode masa da bai yi mini ƙarya ba, bai kuma ci mini mutunci ba, alhali yana da hanya. Ina gode wa Hajiya Rakiya, wadda na je na faɗa wa gaskiya daga baya, ta rungume ni. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Ranar sallama ba wanda ya zauna da mu ko na minti biyar ya ce ga abin da ke cikin ƙafar nan, ga abin da zai faru idan aka daina, ga lambar da za ku kira idan kun ga jini. An ce kada mu tsallake, ba a ce mana don me ba. Sai dai duk lokacin da na fara wannan ƙorafin, nakan tuna cewa an dai ce kada mu tsallake, kuma da kunnena na ji.

To ku da ke jinyar mai irin wannan ciwo, mai zawo da jini da ke tafiya yana dawowa, ku riƙa duba ƙafafunsa kamar yadda kuke duba abin da ke fita daga cikinsa. Idan ɗaya ta kumbura ta bar ɗaya, ta yi zafi, tana ciwo, kada a gasa, kada a tausa, a tafi asibiti a ranar. Kada ku bar shi ya ƙi ruwa don gudun fita, kuma idan yana iya taka ƙasa a riƙa tayar da shi yana ɗan zagayawa. Idan numfashi ya gajarce ko ƙirji ya soke, ba a jiran ranar komawa. Idan magani ya ba ku tsoro, ku ɗauki tsoron ku kai wa wanda ya rubuta shi. Wanda kuma ya yi karatu a cikinku, ina roƙonsa ya koyi cewa ban sani ba tun kafin ranar da zai buƙace ta. Wanda ya karanta wannan ya sa Barira a addu'a, Allah Ya yalwata mata kabari, Ya raya abin da ta bari.

Ranar sadakar arba'in mata sun cika gidan Inna, ana ta rabon waina. Hira ta zo kan asibiti, wata gwaggonmu ta ce ai allurar likita ita ke ƙarasa mutane. Ina zaune kusa da Inna, kaina a ƙasa. Sai ta ɗora hannunta a kaina, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni dai na gode Allah da wagga ɗiya. Da ba don ta yi lakwal ba, da sun tsinke ma yayarta jini tun da wuri. Ita ta karanta ta ce a bari. Kwana bakwai munka ƙara da ita, ta ci, ta sha, ta ga ɗiyanta, ta tahi da jininta a jikinta. Abin da ban samu ga Hajara ba, na samu ga wagga."

Matan suka ce Allah Ya yi albarka. Na buɗe baki, sai na ga abin da zan faɗa. Ba laifina kaɗai ba ne zai fito. Bakin Inna ne ya fara maganar, hannunta ne ya yi tausar, kuma tsohuwa ce da ta binne ƴaƴa biyu, abin da ya rage mata na sanyin zuciya shi ne wannan. Na rufe bakina.

Inna ta ce, "Allah Shi ba ki ɗiyan da za su yi maki yadda kinka yi ma yayarki."

Ana jiran amsata. Na ce amin.